Kaset Ukun da Na Aika wa Haruna

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, kuma mafi yawanta kun san ta, don da bakina nake ba ku labari kuna dariya. Kun san yadda na bar lakwal a aji uku: metur ya ce in taso in yi lissafi a allo, na fita ta taga, takalmina ma sai ƙanena ya kawo mini gida. Kun san rediyon jandarman nan da na gyara ta dawo tana kama tasha ɗaya tak, na rantse masa sauran tashoshin ne suka tafi yajin aiki. Waɗannan duk na majalisa ne, ana shan shayi ana ƙyaƙyatawa. Akwai guda ɗaya da ban taɓa kai ta majalisa ba, domin na juya ta ta kowace fuska ban sami wurin dariya ba. Ita zan zuba a cikin wannan kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, da ɗan bokon da na tsinta a karatun manya bayan furfura ta fara fito mini. In kun ga harafi ya kwanta ko ya hau kan ɗan'uwansa ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da cikin rediyo.

Rabi, ke na fi nufi. Shekara da shekaru ke nan ba ki ɗaukar wayar yayanki Haruna sai da salla, ko da sallar ma gaisuwar baƙo kike yi masa. Kin riƙe shi a zuci a kan an gaya masa Innarku tana kwance ya zaɓi aikinsa. To, ba a gaya masa ba. Ni ne ban gaya masa ba. Kafin in fara rubutun nan na nemi izininsa, ya ce in zan faɗa in faɗi duka, kada in tsaya inda ya yi mini daɗi.

Haruna shi ne ɗanmu na fari. A shagona ya yi rarrafe, cikin matattun batura da guntayen waya, kuma tun kansa bai kai tebur ba yake tambayata ina murya take zama in an kashe rediyo. Ni ban sani ba, sai in ce ta tafi cin tuwo. Da ya gane ubansa ba shi da amsa sai ƙarya, ya nemi masu amsa. Lakwal ɗin da na tsere wa ta taga shi ya shige ta ta ƙofa, bai fito ba sai da ta kai shi Yamai, daga Yamai aka ɗauki nauyinsa zuwa Turai. Abin da yake yi a can kuwa ban gane ba sai da ya zo hutu, shekara guda kafin abin da zan ba ku labari. A lokacin salula ba ta wadatu a Konni ba, mai son waya sai ya zo telesantar. Shagona yana bakin hanyar iyaka, tsakanin mai faci da telesantar ɗin Idi. Idi taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba.

"Kai Haruna, taimake mu," in ji Idi. "Tsohon banzan ga ya ce ma mutanen Konni jirgin sama kaka ƙerawa. Shekaranjiya kuma na ji shina ce ma wani Buzu wata kaka aunawa. Wanne na gaskiya?"

"Ko ɗaya, Baba Idi."

"Na sani. Bakinai bai taɓa gamuwa da gaskiya ba ko bisa hanya."

Haruna ya yi dariya, ya leƙa wajen mai faci ya aro doguwar roba irin wadda ake yankowa daga tsohuwar taya a ɗaure kaya. Ya ba ni baki ɗaya, ya ba Idi ɗaya. Ya ce duk abin da ke duniya, da ni da Idi da teburin nan, an gina shi da ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma a cikin zuciyar kowace ƙwaya akwai waɗansu da suka fi ta ƙanƙanta, ɗaure da juna bibbiyu ko uku-uku. Abin da ya ɗaure su ya fi duk wani ƙarfi da aka sani. Ya ce mu matso kusa. Muka matso, robar ta saki ta yi laƙwas. Ya ce mu ja da baya. Muka ja, ta miƙe, kowane taki tana ƙara fizgar hannu.

"Haka suke," ya ce. "In suna kusa, kamar babu abin da ya haɗa su. Sai an so raba su ƙarfin ka tashi. Shi ya sa ba a taɓa kama ɗaya shi kaɗai ba."

Ni kuwa na saki bakin da ke hannuna, robar ta zabga wa Idi a tumbi. Wannan ita ce iyakar gudummawata ga ilimin.

Bayan Idi ya gama zagin kakannina, waɗanda su ne kakanninsa, Haruna ya ci gaba. Ya ce masana sun yi lissafi a takarda tun kafin a haife shi, sun ce ga yadda ƙarfin nan yake. Amma takarda ba ta isa shaida ba, sai an gwada. To yaya za a gwada abin da ba a gani, ba a kuma kamawa? Ya ce inda suke aiki akwai rami zagayayye a ƙarƙashin ƙasa, ana sako ƙwayoyi da gudu su yi karo. A wurin karon sai wata ƙwaya mai nauyi ta fito, ta rayu abin da bai kai a kira shi lokaci ba, ta tarwatse ta zama ƙanana. Ita ba a ganinta, sawun ƙananan ne na'ura take ɗauka. Lissafin masanan ya ce in ƙwayar ta tarwatse sau kaza, to sau kaza daga ciki ta wannan hanya za ta tarwatse, tunda ƙarfin da ya ɗaure cikinta shi ke yanke yadda za ta rabu. Su kuma sai su ƙirga su gani. In ƙirga ta yi daidai da lissafi, lissafi ya tsira. In ta saɓa, a koma a sake tunani.

"Wato," na ce, "aikinku zaman jiran mutuwa, ku ƙirga magada."

"Kusan haka na, Baba. Amma ƙirgar ba ita ta wuya ba. Wuyar tsince na ƙarya. Da yawa suna kama da abin da kake nema alhali ba shi ba ne. Wani lokaci abu guda zai shigo sau biyu kamar sabo. Ni aikina ke nan shekara uku, gane wanda bai kamata ya kasance wurin ba."

Da kunnena na ji wannan magana. Ta shiga ta dama ta fita ta hagu, don hankalina yana kan Idi da yake shafa tumbi. Abin da ya zauna mini shi ne na ƙarshe da ya faɗa: wai ainihin amsar sun kulle ta a cikin na'ura, su kansu ba su gani, har sai sun gama duk tsince-tsincensu, don kada son zuciya ya sa mutum ya karkata awo wajen abin da yake fata. Sai an sa rana, kowa ya taru, a buɗe. Suna ce da ita ranar buɗe akwati. Wannan ta burge ni. Na yi sati ina ba mutane labarin ɗana mai akwati.

Ranar da zai koma, Innarku ta sa na yanka masa farin zakaranta, wani shaƙaƙƙe mai cara ba a kan lokaci ba, wanda ta hana kowa taɓawa shekara uku. Ta yi miya, ta aje kwanon a ƙofar ɗakinsa, ta shige madafa ba ta fito ba har mota ta tashi.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san wannan fuskar tata sosai ba. Innarku, Allah ya jiƙanta, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda uwarta ta riƙe. Tun da aka yanka ragon sunansa ba ta taɓa furta Haruna ba. Ko wani Harunan ne ya yi sallama sai ta ce mai sunan wancan. In yana gida ba ta zama inda yake, ba ta dubansa ido cikin ido, furarsa dai za ka ga ta fi ta kowa nono. Da ya tafi Turai sai ya zama na nesa. Ni da ba ni da kunyar kowa na yi ta lallashinta ta zo telesantar ta ji muryarsa, ta ce ta ce masa me, a gaban Idi? Sai na samo dabarar kaset. Duk wata in ɗauko rediyona mai cin kaset biyu in aje a tsakar gida bayan la'asar, in danna jan maɓalli, in yi ta zuba: wanda ya mutu, wanda ya yi aure, yadda albasa ta yi a Malbaza. Ita tana gefe tana tsintar wake, ta juya wa rediyon baya kamar ba ta san da shi ba. Can sai ta ɗaga murya, da ni take magana, ba da shi ba.

"Malam, ka ce ma na nesa shi riƙa rufe kunnuwanai. An ce sanyin can ta kunne shika shiga."

Ita kaɗai ce a duniya take ce mini Malam. Maganganunta ba su wuce biyar ko shida ba, su take juyawa kowane wata: ya rufe kunne, kada ya bar salla don aiki, ya duba abin da yake ci, kada ya yi faɗa a garin mutane. Ba ta ba da labari, ba ta tambaya. Ni kuma saboda hanya da nisa, kaset na iya salwanta, kafin in kai posta sai in juye kowanne in aje nawa a kwali. Shi ma yakan aiko nasa, yana gaishe ni da sunan gida duka, ita tana saurare daga madafa.

Da damina ta kama a shekarar da ta biyo, tuwo ya fara tsaya mata a wuya. Ta koma fura, daga fura ta koma kunu. Lokotoron Konni ya tura mu wani asibiti wajen Malbaza, suka duba, babban cikinsu ya ja ni gefe ya ce abin da ke maƙogwaronta ya riga ya yi nisa. Ya ce in kai ta gida in ba ta abin da za ta iya haɗiya, watanni ne, ba shekara ba. Kafin hatsi ya fidda kai muryarta ta dushe, sai ka kai kunne bakinta. Ke Rabi kika baro ɗakinki a Illela kika zo jinya.

Haruna yakan bugo telesantar ran Lahadi bayan azahar, mako biyu sau ɗaya. Lahadin da ta biyo bayan asibiti na tafi da niyyar gaya masa, Allah shi ne shaida, har na shirya kalmomin a hanya. Na ɗauki waya ke nan na ji muryarsa kamar ta yaro ran salla.

"Baba, an sa rana! Wata uku, bayan girbinku, za a buɗe akwati. Ni aka ba in tsaya gaban kowa in nuna awon. Sai dai in kammala tsince na ƙaryan kafin nan, in ban kammala ba a miƙa ma wani. Ko fita ban yi. Inna fa?"

Na dubi bango. Na dubi Idi, yana zaune bakin ƙofa yana kallona.

"Lahiya lau," na ce. "Tana can tana hwaɗa da awaki."

Da na aje waya Idi bai tashi ba.

"Audu, mi kac ce ma yaron ga?"

"Abin da ka ji. Wata uku na, Idi. Lokotoro ya ce watanni."

"Shi lokotoron, shi ka rabon kwana?"

Shekara sittin yana zagina, ran nan ne kaɗai ya yi mini magana babu zagi, kuma ita ce ta fi zafi.

Na gaya wa kaina don Haruna na yi. Shekara huɗu yaro yana tsince ƙwaya a ƙasar sanyi, saura taki uku in fizge shi? Har na ce ai su ma masu ilimin kulle amsa suke yi a akwati sai lokaci ya yi, ni ma na kulle tawa. Ka ji hujjar wanda ya fita ta taga. Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba sai da na tsufa ita ce, na riga na cika Konni da labarin akwatin nan, ina son ranar ta zo in ɗaga kai a majalisa. Ƙarƙashin wannan kuma akwai tsoro. Muddin Haruna bai sani ba, akwai wuri guda a duniya inda matata take lafiya lau tana faɗa da awaki, kuma duk Lahadi biyu nakan shiga wurin nan in zauna minti biyar.

Sai ga matsalar kaset. Wata ya ƙare, lokacin aikawa ya yi, mai maganar ba ta da murya. In na aika da tawa ni kaɗai zai tambaya. A nan ne sana'ata ta zama bala'ina. Na ɗauki surutuna a tsakar gida kamar kullum, don a ji awaki da dakan maƙwabta. Da rana ta take, kasuwa ta yi sanyi, na ja ƙofar shago, na zazzage kwalin tsofaffin kaset. Na nemo inda take magana, na juye jimla daga wannan, jimla daga wancan, na saka su tsakanin maganata, har da "to, ka dai ji Innarka" da nake cewa bayan kowace. Ina gaya muku, cikin shekara arba'in da na yi ina taɓa rediyo ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba. Ba ka jin ɗan ƙarar da maɓalli yake yi. Na saurara na ji har wani daɗi ya taso mini, irin na mai sana'a, kafin in tuna abin da nake yi. Wata uku, kaset uku. Ina sauya jimlolin don kada su zama iri ɗaya, sai dai maganar rufe kunnuwa, ita na sa a duka ukun, domin a wurin muryarta ta fi fita, kuma a ƙarshenta akwai 'yar dariya da ta kuɓuce mata. Bayan kaset na farko ya isa na lura Haruna ya daina cewa "Inna fa?" a waya, sai dai "a gaida gida." Na ce aiki ne ya sha masa kai. Har sauƙi na ji.

Wata hantsi, an fara yankan hatsi, tana kwance a tabarma bakin ƙofar ɗaki, ƙaramin rediyo kusa da kanta yana juya tsohon kaset ɗin Haruna. Takan sa ki kunna mata, Rabi, wai don hayaniya ta ɗebe mata kewa. Ta yafito ni da yatsa. Na durƙusa na kai kunne.

"Na nesa... ya sani?"

Shekara talatin ba ta taɓa tambayata komai game da shi kai tsaye ba. Sai da ta tattara duk abin da ya rage mata ta karya al'adar uwarta da kalma huɗu. Da na ce bai sani ba, da ta ce a gaya masa, ko ta yi shiru in gane. Telesantar tafiyar minti goma ce. Amma sai in bayyana mata abin da nake yi da muryarta a shago.

"Ya sani," na ce. "Shina gaishe ki. Aiki ya riƙe shi, da ya ƙare shina tahowa."

Ta rufe ido. Sannan ta ce, "To. Shi yi aikinai." Ta juya fuska wajen bango. Ke kina tsaye da kwanon kunu, na ga fuskarki lokacin da kika ji. A wurin na dasa abin da kike ɗauke da shi har yau, ina gani na bar shi ya tsiro.

Ta rasu ran Alhamis da safe, saura kwana goma sha ɗaya a buɗe akwati. Kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Idi da kansa ya danna lambar Haruna ya miƙo mini, ya fita ya ja ƙofa. Na faɗa. Bai tambaye ni yaushe ta fara ciwo ba, bai tambaye ni komai ba, ya yi ta maimaita innalillahi. Na ce ya tsaya ya ƙarasa abin da ya fara, tunda an riga an rufe ta, ya zo sadakar arba'in. Haka aka yi. Ranar da ya iso, kin tare shi a zaure gaban baƙi.

"An gaya maka, yaya. Wata uku tana kallon ƙofa. Ƙwayoyinka sun fi ta?"

Ya dube ni. Ni kuwa na sami wani abu mai muhimmanci a ƙasa ina kallo. Na jira ya ce ba a gaya masa ba, ya tona ni in huta. Ya sunkuyar da kai ya wuce ciki, ya zauna bakin ƙofar ɗakinta.

Sai bayan kwana uku, da mutane suka watse, na iya tambayarsa.

"Akwatin fa?"

"An buɗe."

"Mi aka iske?"

"Abin da lissafi ya ce. Awonmu ya hau bisa shi, ɗan bambancin bai kai a kira shi bambanci ba."

"Wato shekara huɗu kuka yi don ku iske na gabanku sun yi gaskiya?"

"I, Baba. Da zato na, yanzu an auna."

Da a wata shekara ce, da wannan ya ishe ni abin tsokana har ƙarshen rayuwata. Ban taɓa kai shi majalisa ba. Masu tambayata labarin akwati sai in ce an buɗe, in kawo wata magana.

Bayan nan kowa ya koma inda ya fito. Ke kika koma Illela, ƙannenki suka bi motoci, Haruna ya koma raminsa. Salula ta cika gari, telesantar ta rufe, Idi ya koma gona wajen ɗansa a Tsarnawa, na rasa mai zagina. Rediyo ma aka daina kawowa gyara, in ta lalace a ƙetara iyaka a sayo sabuwa. Ina buɗe shago dai don kada in wuni a gida ni da awaki, in zauna ina kallon 'yan kabu-kabu suna wucewa, babu mai tsayawa. In rana ta take sai in ja ƙofa in ɗauko kwalin nan. Ta ce, "Malam, ka ce ma na nesa," ni kuma in ce to, kamar wawa, ni kaɗai cikin matattun rediyo. Nakan tuna robar mai faci. Muna gida ɗaya shekara talatin da wani abu, ban taɓa jin akwai abin da ya ɗaure mu ba, faɗan gishiri da na awaki kawai nake ji.

Shekara huɗu bayan rasuwarta Haruna ya sake zuwa. Wata rana da azahar muna shago mu biyu, na ga in ban faɗa yau ba zan mutu da ita. Na ja ƙofa. Na gaya masa maganar lokotoro, da ƙaryar awaki, da abin da ta tambaye ni da amsar da na ba ta. Na ɗauko kofin kaset na farko na sa, na nuna masa inda na haɗa, wuri-wuri, ina tsayarwa ina bayani kamar mai koyar da sana'a, don bakina bai san wata hanyar neman gafara ba. Na ce ya zage ni, ko ya tashi ya je Illela ya wanke kansa wajen ƙanwarsa, ni zan bi shi in yi shaida. Bai zage ni ba. Ya miƙa hannu ya mayar da kaset ɗin baya kaɗan, zuwa maganar rufe kunnuwa, ya ƙara murya. Ta yi maganarta, ta yi 'yar dariyarta. Can bayanta, nesa kaɗan, wani shaƙaƙƙen zakara ya yi cara. Sau ɗari na saurari wurin nan, muryarta kawai nake ji.

Ya kashe rediyon. Abin da ya faɗa ban ba shi amsa ba a shagon, ban ba shi a tasha ba ranar da na raka shi, kuma duk wayar da muka yi tun daga nan ban ba shi ba. Ga shi, Rabi, yadda ya fito daga bakinsa, ki yi da mu biyun yadda kika ga dama.

"Zakaran da ka yanka mini da hannunka na, Baba. Tun kaset na farko na gane shi. Ban tambaye ka ba, don na san in na tambaya za ka gaya mini, in ka gaya mini kuwa dole in taho."